Yoga da Sarrafa Numfashi: Me Suke Iya Yi wa Mai Damuwa, Ina Kuma Iyakarsu?

Akwai gajiyar da barci ke maganinta, akwai kuma wadda mutum ke kwanciya da ita ya tashi da ita. Ta biyun ce ta yi yawa a wannan zamani. Magidanci ya fita tun da asuba, ya yi ta faɗi-tashi har dare, ya dawo gida jiki ya mutu amma ido ya ƙi rufuwa, kuɗin haya da na makaranta da bashin mai shago suna ta yi masa yawo a ka. Ma'aikaciyar jinya ta kwana a tsaye, ta dawo ta tarar da girki da wanki na jiranta. Ɗalibi na fuskantar jarrabawa, wayarsa kuma ba ta daina ƙara ba. Ka tambayi kowannensu, amsar kusan ɗaya ce: tunani ya yi yawa, ƙirji ya yi nauyi, abu kaɗan sai rai ya ɓaci.

Ba mu kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da ciwon fargaba, kuma a shekarar farko ta annobar korona fargaba da ciwon damuwa sun ƙaru da kashi 25 cikin ɗari. A 2021 hukumar, tare da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta danganta mutuwar mutum 745,000 a 2016, ta sanadin shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya, da yin aiki na awa 55 ko fiye a mako.

A cikin wannan hali ne ake ta tallata yoga da dabarun numfashi, a wayoyi da gidajen motsa jiki da asibitoci. Wasu sun ɗauke su maganin komai, wasu kuma ko sunan ba sa son ji. Duka ɓangarorin biyu sun yi gaggawa. Abin da ya dace shi ne a zauna a duba: yaya abin yake aiki a jiki, daga ina ya fito, me bincike ya tabbatar, kuma me mai kishin addininsa zai ɗauka ko ya bari.

Abin da damuwa ke yi wa jiki

A jikin ɗan Adam akwai jijiyoyin da ke aiki ba tare da an umarce su ba. Su ke kula da bugun zuciya da narkar da abinci da zufa da hawa da saukar jini. Sun kasu gida biyu, aikinsu kuma kamar na totur da birki ne a mota: ɗaya na zaburar da jiki, ɗaya na tsayar da shi ya huta. Da zarar ƙwaƙwalwa ta hango haɗari sai ɓangaren farko ya ɗauka. Sinadarin adirenalin ya kwarara cikin jini, zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya gajarce ya tsaya a ƙirji, tsokar wuya da kafaɗa ta ɗaure, ciki ya dakatar da aikinsa. Walter Cannon na jami'ar Harvard ya bayyana wannan tun 1915, ya nuna cewa shiri ne na faɗa ko gudu.

Rahama ce ga wanda ya ci karo da maciji a gona. Matsalar ita ce jiki ba ya bambanta maciji da saƙon mai bin bashi. Maciji kan wuce cikin minti ɗaya, bashi kuwa yana nan gobe da jibi. A 1936 Hans Selye, mai bincike a Kanada, ya nuna cewa ɓerayen da aka daɗe ana matsa musu sukan samu gyambon ciki, sassan jikinsu masu yaƙi da cuta kuma su ƙanƙance. A jikin mutum, idan wannan shiri ya ƙi sauka, sinadarin kotizol yakan daɗe a sama, barci ya lalace, jini ya hau, ciwon kai da na baya su zama abokan zama.

A nan ne numfashi ya fita daban. Ba ka iya ce wa zuciyarka ta rage gudu, ba ka iya hana tafin hannunka zufa. Numfashi kuwa yana tafiya da kansa ko kana barci, amma duk lokacin da ka ga dama kana iya karɓar ragamarsa. Kuma yana ɗaure da zuciya. Ka ɗora yatsu biyu a jijiyar wuyan hannunka ka saurara: idan ka shaƙi iska bugun yakan ɗan ƙaru, idan ka fitar yakan ɗan ragu. Wata doguwar jijiya da likitoci ke kira vagus, wadda ta taso daga ƙasan ƙwaƙwalwa ta ratsa wuya zuwa zuciya da huhu da hanji, ita ce ke wannan sassauci a lokacin fitar da iska. Baligi mai lafiya yakan yi numfashi sau 12 zuwa 20 a minti. Idan ya rage zuwa kamar sau shida, yana tsawaita fitarwa, numfashi da bugun zuciya da na'urar jiki mai daidaita hawan jini sukan hau layi ɗaya, jiki ya fahimci cewa haɗari ya wuce. Babu wani asiri a ciki. Halitta ce da Allah ya yi wa kowa.

Daga ina yoga ta fito

Yoga 'yar ƙasar Indiya ce, kuma asalinta hanyar ibada ce da horar da rai a addinan Hindu da Buda da Jain. Littafin da aka fi jingina da shi shi ne na Patanjali, wanda ya haura shekara 1,500, ya kuma kasa hanyar zuwa matakai takwas. Biyun farko na gyaran hali ne, kamar barin cutarwa da ƙarya da sata, da riƙon tsafta da wadatar zuci. Na uku shi ne zama, na huɗu sarrafa numfashi, wanda suke kira pranayama. Sauran huɗun sun shafi janye hankali daga duniya da tattara shi wuri ɗaya. Lanƙwasa jikin da ake gani a hotuna yau ba shi da wani babban gurbi a wannan littafi. Ko littafin Hatha Yoga Pradipika na ƙarni na 15, wanda ya fi mai da hankali ga jiki, siffofin zama 15 kawai ya kawo.

Musulmi sun san da ita tun da daɗewa. A ƙarni na 11 malamin nan Abu Raihan al-Biruni ya fassara littafin Patanjali zuwa Larabci, a ƙoƙarinsa na fahimtar ilimin mutanen Indiya. A ƙarni na 16 wani shehin Sufaye na Indiya, Muhammad Ghaus na Gwaliyo, ya fitar da littafin Bahrul Hayat da Farisanci, mai bayanin zama da numfashi irin na masu yoga.

Yogar da duniya ta sani a yau kuwa sabuwa ce. Swami Vivekananda ya je Shikago a 1893 ya gabatar wa Amurkawa da falsafar Hindu, ya kuma fitar da littafinsa kan yoga a 1896. A 1924 Swami Kuvalayananda ya kafa cibiyar Kaivalyadhama a Lonabala, kusa da Mumbai, inda aka fara auna masu yoga da kayan aikin likita. A shekarun 1930 Krishnamacharya ya koyar a fadar sarkin Maisur, inda ya jera siffofin jiki ɗaya na bin ɗaya tare da numfashi. Ɗalibansa, irin su B.K.S. Iyengar da Pattabhi Jois da Indra Devi, su suka kai ta Turai da Amurka, a can kuma ta rikiɗe ta zama motsa jiki da kasuwa. A watan Disamba na 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya, bisa shawarar firaministan Indiya Narendra Modi, ta ware 21 ga Yuni a matsayin Ranar Yoga ta Duniya.

Wannan tarihi yana da muhimmanci, domin yana nuna cewa abubuwa uku ne aka ɗaure a ƙulli ɗaya: aƙida, motsa jiki, da sarrafa numfashi. Wanda ya ce yoga motsa jiki ce kawai bai faɗi duka gaskiya ba. Wanda ya ce duk wanda ya miƙe bayansa ya ja numfashi a hankali ya shiga addinin Hindu, shi ma bai faɗa ba.

Abin da bincike ya nuna

A 1975 likitan zuciya Herbert Benson na Harvard ya fitar da littafi kan yadda zama shiru, da maimaita kalma ɗaya, da kau da kai daga tunanin da ke kutsowa suke rage bugun zuciya da saurin numfashi. A 2001 Luciano Bernardi na jami'ar Pabiya a Italiya ya buga wani ƙaramin bincike a mujallar likitocin Birtaniya. Ya auna mutane suna karanta addu'ar carbi ta Katolika da Latinanci, ya kuma auna su suna maimaita kalmomin masu yoga. A duka biyun numfashi ya sauko zuwa kusan sau shida a minti, kuma na'urar daidaita jini ta ƙara kyau. Darasin a fili yake: abin da aka auna ya fito ne daga saukar numfashi, ba mallakar wani addini ba ne.

A 2023 masu bincike a jami'ar Stanford suka raba mutum fiye da ɗari zuwa rukuni-rukuni, kowa ya yi minti biyar a rana har wata guda. Waɗanda suka yi numfashi mai tsawaita fitarwa su suka fi samun kyautatuwar yanayin rai, har sun ɗara waɗanda suka zauna suna lura da tunaninsu kawai.

Binciken da ya fi nuna matsayin yoga a tsakanin magunguna shi ne na jami'ar New York a 2020. An ɗauki mutum 226 masu ciwon fargaba aka raba su uku na tsawon mako 12. A cikin waɗanda suka yi yoga, kashi 54 cikin ɗari sun samu sauƙi. A cikin waɗanda aka yi wa darasi kan damuwa kawai, kashi 33. A cikin waɗanda ƙwararru suka yi wa jinyar gyaran tunani ta hanyar tattaunawa, kashi 71. Ke nan yoga ta fi darasi kawai, amma ba ta kai jinyar ƙwararru ba. Ga ciwon baya mai daɗewa ma, wata ƙungiyar likitocin Amurka ta sa yoga a 2017 cikin abubuwan da za a fara gwadawa kafin a koma ga ƙwayoyi.

Sai dai a yi adalci. Yawancin waɗannan bincike na mutane kaɗan ne, na gajeren lokaci, kuma mai yin yoga ya san yoga yake yi, don haka fatan samun sauƙi na iya shiga cikin sakamakon. Sau da yawa idan aka gwada ta da tafiyar ƙafa ko wani motsa jiki, bambancin ba ya da yawa. Amfanin na gaske ne, amma matsakaici ne, kuma sai an dawwama ake ganinsa.

Batun addini

Wannan ita ce tambayar da ta fi damun mai karatu a ƙasar Hausa, kuma tambaya ce mai tushe. A wasu azuzuwan yoga ana buɗewa da rera kalmar da Hindu ke tsarkakewa, ana kiran sunayen ababen bautarsu, akwai kuma jerin motsin da ake kira gaisuwar rana, wanda ga masu shi girmamawa ce ga rana. Musulmi ko Kirista da ya ƙi waɗannan yana da hujjarsa.

Malamai a ƙasashe daban-daban sun duba lamarin. A 2008 majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yoga saboda abin da ke cikinta na bauta, daga baya firaministan ƙasar na lokacin, Abdullahi Badawi, ya ce ana iya yi muddin babu rera kalmomin bauta. A 2009 majalisar malaman Indonesiya ta haramta wadda ke ɗauke da bautar Hindu, ta ƙyale wadda motsa jiki ce zalla. Saudiyya ta amince da ita a matsayin wasan motsa jiki a 2017. A Indiya kanta, ƙorafin ƙungiyoyin Musulmi ya sa an cire gaisuwar rana daga tsarin bikin gwamnati na 2015. A jihar Alabama ta Amurka, inda Kiristoci masu ra'ayin riƙau ke da ƙarfi, an hana yoga a makarantun gwamnati daga 1993 zuwa 2021, kuma ko da aka ɗage hanin an bar haramcin rera kalmomin.

Mafi yawan waɗannan hukunce-hukunce sun zana iyaka a wuri ɗaya: a bar bauta, a ɗauki abin da ya shafi jiki. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya tambayi malamin da ya yarda da shi, kuma ba dole ne ya kira abin da yake yi yoga ba. Huhu da jijiya ba su san suna ba.

Yana da kyau mu tuna cewa addininmu na Musulunci bai bar jiki a baya ba wajen kwantar da rai. An koya mana cewa wanda ya fusata yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kwanta, ya kuma yi alwala. Natsuwa a ruku'u da sujada wajibi ce a salla. Mai karatun Alƙur'ani a tsanake yakan shaƙi iska a taƙaice ya fitar da ita a hankali tsawon aya. Ibada don Allah ake yin ta, ba don saukar da jini ba, kuma kuskure ne a mai da salla wani nau'in motsa jiki. Amma wanda ke sallarsa a guje, hankalinsa na kasuwa, ya yi asarar lada ya kuma yi asarar hutun da ke cikinta.

Yadda ake yi

Ba a buƙatar shimfiɗa ta musamman ko tufafi masu tsada. Tabarma ko kujera ta isa. Ka zauna bayanka a miƙe ba tare da ɗaurewa ba, ka saki kafaɗu da muƙamuƙi. Ka ɗora hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a kan cibiya. Ka shaƙi iska ta hanci kana ƙirga ɗaya zuwa huɗu, ka bar hannun ƙasa ya taso, na sama ya zauna kusan shiru. Sai ka fitar a hankali, ta hanci ko ta baki a tsuke, kana ƙirga ɗaya zuwa shida. Kowane zagaye daƙiƙa goma ke nan, sau shida a minti. A minti na farko tunani zai yi ta fizgarka, kuɗin haya zai dawo, maganar da aka faɗa maka da safe za ta dawo. Kada ka yi kokawa da su, ka koma kan ƙirga. Wajen minti na uku da yawa sukan ji kafaɗa ta sauka, miyau ya dawo baki, wani har hamma yake yi. Minti biyar da safe da biyar kafin barci sun isa a fara.

Idan kuma abu ya taso nan take, a cikin cunkoson motoci ko kafin ka shiga ofishin da kake tsoro, akwai gajerar hanya, ita ce wadda aka gwada a Stanford. Ka shaƙa ta hanci, ka ƙara ɗan shaƙa a kai har huhu ya cika, sai ka saki iskar duka ta baki a hankali. Ka maimaita 'yan lokuta kafin ka buɗe baki ka yi magana.

Ga wanda ke yini a zaune, a bakin keken ɗinki ko gaban kwamfuta ko kan sitiyari, miƙa jiki na ƙara amfani. Ya durƙusa kan gwiwoyi da tafukan hannu, ya saki ciki ƙasa yana shaƙa, ya ɗaga tsakiyar baya sama yana fitarwa. Ya kwanta rigingine ya jawo gwiwoyi zuwa ƙirji. A ƙarshe ya kwanta shiru na 'yan mintuna, yana bin gaɓoɓinsa daga yatsun ƙafa zuwa goshi yana sakin kowace. Ƙa'idar ɗaya ce: a tsaya kafin a ji zafi.

Inda ake kuskure

Kuskure na farko shi ne zaton cewa yawan iska ne magani. Mai firgici ya riga yana haki, yana fitar da iskar kabon fiye da kima, abin da ke tsuke jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa ya kawo jiri da ƙaiƙayin yatsu da leɓe. Idan aka ce masa ya ja numfashi da ƙarfi sai abin ya ƙaru. A hankali ake so, ba da yawa ba. Saboda haka nau'o'in numfashin yoga masu sauri da ƙarfi, da riƙe numfashi na dogon lokaci, ba na mai koyo ba ne, kuma masu ciki da masu hawan jini da ciwon zuciya da farfaɗiya su nisance su. Tsayuwa a kan kai haɗari ce ga mai hawan jini da mai hawan ruwan ido da mai ciwon wuya. Kada kuma a gwada riƙe numfashi a cikin ruwa ko ana tuƙi.

Kuskure na biyu ya fi muni, shi ne ajiye magani. Mai hawan jini ya ci gaba da shan maganinsa, mai asma ya riƙe abin shaƙarsa. Ciwon ƙirji mai sauka zuwa hannu ko haɓa tare da zufa na asibiti ne nan take. Wanda ya yi makonni ba barci, ba ya jin daɗin komai, ko yana tunanin raba kansa da duniya, likita yake buƙata. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Kaduna da Maiduguri da Kware da Dawanau, akwai kuma sassan kula da wannan a asibitocin koyarwa. Zuwa can ba alamar hauka ba ce, ba kuma raunin imani ba ne.

Na uku kuwa ya shafi shugabanni da masu ɗaukar ma'aikata. Numfashi yana kwantar da jiki, amma ba ya biyan albashin da aka riƙe, ba ya rage farashin abinci, ba ya mayar da awa goma sha biyu ta koma takwas. Wurin aikin da ya ɗora wa mutum ɗaya aikin uku, sannan ya kawo masa mai koyar da yoga, ya kauce wa haƙƙin da ke kansa. Haka maigidan da ya bar wa matarsa duk ɗawainiyar gida. Ita ma tana buƙatar hannu, ba shawarar ta ja numfashi kawai ba.

To, ina aka tsaya? Sarrafa numfashi da miƙa jiki a hankali hanya ce mai tushe a ilimin likita, kyauta ce, tana tare da kai duk inda kake, kuma ana iya raba ta da aƙidar da ta zo da ita. Ba ta kawar da matsala, amma tana ba mutum 'yan mintunan da zai dawo hayyacinsa kafin ya yanke hukunci, kafin ya ɗaga hannu kan yaro, kafin ya furta kalmar da za ta rusa aure. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mai karatu, ka ware minti biyar a yau ka gwada, ka dawwama a kai na wata guda, ka koya wa iyalinka. Idan nauyin ya fi ƙarfinka, ka faɗa wa wanda ka amince da shi, ka kuma nemi likita. Allah ya ba mu lafiya da kwanciyar hankali.